Takardar da Na Aika Gidan Makoki

Har yau idan na ji wani ya ce "kada a gaya mata tukuna", sai in ji kaina ya ɗau zafi. Ko a asibiti ne, ko a gidan biki, ba na iya yin shiru. 'Ya'yana suna cewa na fiye tsoma baki cikin abin da bai shafe ni ba. Ya shafe ni mana! Wannan halin ne ya raba ni da aminiyata ta shekara goma sha biyar, kuma har gobe ban gama huce haushin ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ne. Ina aikin jinya a asibitin koyarwa, muna haya ciki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ɗauke da cikin fari wata tara. Zafi ake yi na gaban damina, ga wuta ba ta zama. Duk inda ka juya rediyo surutu ake, wai yanzu an samu 'yanci, kowa zai faɗi abin da ke bakinsa. Maigidana ma ya zama ɗan siyasar ƙofar gida, kullum yana kan benci ana musu. Gari kaf magana ake yi, ni kaɗai ce aka ga bai kamata a gaya wa gaskiya ba.

Aminiyar tawa malamar firamare ce a Tarauni. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce min Sista, tun kafin in gama makarantar jinya ta laƙaba min don tsokana. A gidansu na zauna duk shekarun karatuna, don ni daga ƙauye na zo, ban san kowa a birni ba sai su. Mahaifiyarta, Inna, ita ta riƙe ni. Tabarma ɗaya muka kwana da Malama, kwano ɗaya muka ci. Ranar da na faɗi jarrabawa ta farko Inna ce ta dama min fura, ta zauna a kaina tana zagina har na shanye. Ko ranar aurena, ita ta wanke ni, ba uwar da ta haife ni ba.

Inna tana da hawan jini. Ni na gano shi da kaina, da abin awon da nake yawo da shi a jaka. Ita kuwa tsohuwar ba ta jin magana ko kaɗan. Gishiri sai ta ji shi rau a miya, goro ba ya barin bakinta, idan na ɗaura mata abin awo sai ta ce in cire mata wannan abin matse hannun kafin ya kashe ta. Na ce wa Malama ta kawo ta asibiti likita ya ɗora ta a kan magani. Ta ce to, gobe. Gobe ta zo, ta ce ana jarrabawa a makaranta. Wani satin ta ce Inna ta ƙi. Wani kuma babu mai a gari, ba abin hawa. Wata uku muna wannan. Yayyenta maza biyu kuwa, ɗaya a Kaduna ɗaya a Legas, sai dai saƙon gaisuwa. Duk wahalar tsohuwa a wuyan Malama take, wannan na sani, kuma na sani tun a lokacin.

Ni ma a ƙarshen cikin nan jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ya shiga. Likita ya ce in kwanta a gida, ban da aiki, ban da tashin hankali. Shi ne aka ɗauko min Gwaggo daga ƙauye, yayar mahaifina, don ta zauna da ni har in yi arba'in. Tsohuwa ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba. Amma irin matan nan ne da suka yi imani cewa mai ciki ƙwai ce, ko tari aka yi da ƙarfi a kusa da ita sai ta fashe.

Wata Talata da hantsi ina kwance a ɗaki na ji sallamar mace a soro. Gwaggo ta fita. Na ji ƙus-ƙus, na ji kamar an ja salati an haɗiye. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, wace ce?"

Ta ce, "Maƙwabciyar su ƙawarki ce. Wai Inna ce ta ɗan zame a tsakar gida, amma da sauƙi."

Na yunƙura zan tashi. Ta ce wallahi ba inda za ni da wannan ƙafar. Maigida ya dawo bayan la'asar da ƙura a takalmi, ya ce aiki ne ya riƙe shi. Na gaya masa, ya ce ai ya ji, da sauƙi, in kwantar da hankalina. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Daga maƙabarta yake, ni ban sani ba. Da hannunsa ya zuba wa Inna ƙasa, ya dawo ya zauna a gabana ya ci tuwo.

Ni kuwa na san abin da faɗuwar mai hawan jini take nufi. Na kwana ina juyi, ina tafasa. Ba tsoro ne ya fi yawa a raina ba, haushi ne. Haushin Malama da gobe-gobenta.

Washegari Gwaggo ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta ce za su kasuwa da maigida sayen baho da tukunyar wanka. Har na tsokane ta, na ce wannan kwalliya haka ko a kasuwar aka yi mata miji? Ta yi murmushin yaƙe ta fice. Suna fita na jawo littafin da nake rubuta awon jinina, na yage takarda ɗaya. Wayar hannu ba ta zo ba a lokacin, ta gida kuwa sai gidan wane da wane. Abin da na rubuta ina iya karanto shi yanzu ba tare da na tsallake harafi ba:

"Malama, na ji abin da ya samu Inna. Wallahi raina ya ɓaci da ke. Sau nawa na ce ki kawo ta? Wata uku ina faɗa kina ce min gobe. Wannan sakacinki ne, kada ki ɗora wa kowa. Da ina da ƙafa da na zo na faɗa miki ido da ido."

Haka muke magana da ita. Ta sha gaya min abin da ya fi wannan ɗaci, mu yi fushin yini ɗaya mu shirya a kan kwanon ɗanwake.

Akwai wani ɗan acaɓa a layinmu, magidanci ne mai iyali, shi yake kai ni aiki. Na ja ƙafa zuwa soro na sa aka kira shi. Na riga na ninke takardar sannan na tuna ban rubuta muhimmin abin ba, sai na faɗa masa da baki. Na ce, "Malam, ka ba ta wannan, kuma ka ce mata in ji ni, gobe da sassafe ta kai Inna asibiti, ta nemi babbar sistar ɗakin mata ta ce ni na turo ta." Ya ce in sha Allahu. Da ya dawo ban gan shi ba. Gwaggo ce ta shigo ta ce ɗan acaɓa ya ce a gaya min saƙo ya isa. Na lura tana ta kallona, amma ban kawo komai ba.

Amsa ba ta zo ba. Na ce fushi take, za ta huce. Duk lokacin da na tambayi jikin Inna sai a ce da sauƙi. Kwana goma bayan nan na haihu, mace. Na sa aka je Tarauni aka faɗa. Malama ba ta zo barka ba. Matan layi suka zo, abokan aiki suka zo, har matar mai gidan hayarmu da ba ma ga maciji da ita ta zo ta ɗauki jaririya. Malama shiru. Aka kai mata goro da alewar suna, aka dawo min da su a ƙullinsu, ko kwancewa ba a yi ba.

Kai, ranar na yi faɗa! Na ce a kan takarda guda? Don na gaya mata gaskiya a kan uwarta? To ta riƙe zuwanta, ba ita ta ɗaukar min cikin ba. Ina faɗa ina hawaye, Gwaggo tana tsugune tana firfita kunun kanwa. Tun cikin yana wata huɗu na roƙi maigida idan mace ce a sa mata sunan Inna, ya amsa. Don haushi na ce masa a fasa. Ya ce a'a, wannan sunan kam ba za a fasa shi ba. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe mutumin nan yana da alkawari.

Ranar suna gida ya cika. Bayan azahar ina zaune a bakin gado an ɗaura min ɗankwali, sai ga wata dattijuwa daga Tarauni, mai yi wa Inna kitso. Ta karɓi jaririya ta tambayi suna. Aka faɗa mata. Sai ta rungume ta ta fashe da kuka, ta ce, "Allahu akbar, an mayar da Inna ke nan. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta."

Na ce, "Wa?"

Na ga mata suna kallon juna, ashe kowa ya sani. Mace ashirin a ɗaki, kowacce ta san uwar riƙona ta mutu, sun zo suna cin shinkafata suna min barka.

Na ce, "Baba, yaushe?"

Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai yau kwana goma sha takwas. Ranar Talata da safe, faɗuwa ɗaya ta yi, kafin a ɗaga ta rai ya yi halinsa."

Ban fara kuka ba tukuna. Lissafin kwana na fara. Talata ta rasu. Laraba na aika takarda. Ina gama wannan lissafin na tashi na fita tsakar gida ba mayafi, na tsaya a kan Gwaggo tana rabon waina.

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ce, "Gwaggo, kin kyauta ke nan? Uwata ta mutu, an yi uku, an yi bakwai, ina nan kwance ina tsokanarki da miji a kasuwa?"

Ta ajiye faranti. Ta ce, "To da me kike so in yi? Likita ya ce ban da tashin hankali. In gaya miki ki faɗi, a rasa uwa a rasa ɗa? Haka muka tashi muka ga ana yi. Ba a gaya wa mai tsohon ciki mutuwa."

Na ce, "Ni nas ce! A hannuna mutane suke cikawa!"

Ta ce, "Ba uwarki ce take cikawa a hannun naki ba."

Na ce, "To takardar fa? Kin san na aika takarda?"

Ta ce ta sani, ɗan acaɓa ya gaya mata a soro, ita ta ce masa ya ja bakinsa. Wai ta ɗauka gaisuwar dubiya ce na rubuta, ta ce ai ba komai, za su gane. Za su gane! Ko tambayata ba ta yi ba me na rubuta. Kwana goma sha bakwai tana da damar ta tura a ce wa Malama yarinyar nan fa ba ta sani ba. Ba ta yi ba, don kada maganar ta zagayo kunnena.

Maigida na samu a soro bayan baƙi sun ragu. Shi nasa mai sauƙi ne. Ya ce maganar mata ce, Gwaggo ce babba, abin da ta yanke shi ya bi. Mutumin da yake kwana musu a kan benci yana cewa zamanin rufe baki ya wuce. Na ce masa tir. Na faɗa a gaban ƙaninsa, kuma ban janye ba har yau.

Da safe na sa aka kira ɗan acaɓa. Ya tsaya daga bakin soro yana murza hula. Na ce, "Malam, saƙon da na ba ka da baki, ka faɗa?"

Ya ce, "Sista, ki yi min rai. Na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an kafa rumfa, ana ta fatiha. Ta yaya zan buɗe baki in ce a kai gawa asibiti gobe? Sai na zauna na yi gaisuwa, na ba da takardar aka shiga da ita. Ni na zaci ta'aziyya ce. Ban iya karatun boko ba."

Wato rabin saƙon da zai wanke ni shi ya haɗiye don kunya, rabin da zai kashe ni kuma ya miƙa da hannu biyu. Na buɗe baki zan zazzage masa, sai na rasa ta inda zan kama shi. Na ce ya tafi kawai.

Maijego ba ta fita sai ta yi arba'in. Ni kwanana tara na goya 'yata na ɗauki mayafi. Gwaggo ta tare ƙofa tana cewa jikina ɗanye ne, iska za ta shige ni. Na ce ta shige ni ɗin. Na tari tasi a bakin titi, ga shi daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni tafiyar da ko da ƙafa ana yi. Wannan ɗan tsakanin ne aka kasa tsallakawa da gaskiya har kusan sati uku.

Gidan yana nan yadda na san shi, sai dai an jingine turmin Inna a bango, an kife tabarmarta a kan igiya. Na yi sallama. Malama ta fito daga ɗaki, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa sallamar kamar ta mai tallan omo. Ta shimfiɗa min tabarma, ba a ɗaki ba, a tsakar gida.

Na yi mata gaisuwa, na yi kukana. Ita ko ɗigo. Da na natsu na ce, "Malama, wallahi tallahi ban sani ba. Shekaranjiya na ji, a bakin mai kitso. Ce min aka yi ta zame."

Na kwashe komai na gaya mata, har saƙon baki da ɗan acaɓa ya haɗiye. Tana ji tana kallon ƙasa. Sai ni kuma zuciya ta ɗebe ni, don ni ba na iya ba da haƙuri ban haɗa da faɗa ba. Na ce, "Amma ke ma kin ban mamaki. Shekara goma sha biyar! Ki yarda ni zan aiko miki da wannan a kan gawar Inna? Me ya hana ki zo ki kwaɗa min mari ki tambaye ni? Sai ki mayar min da goro kamar wata bare?"

Ta ɗago. Ta ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Ranar Laraba da hantsi Gwaggonki ta zauna a nan, daidai inda kike. Ta ce kin ji, kina ta kuka, kin ce a yi min gaisuwa, nauyin jiki ne ya hana ki zuwa. A gaban kowa ta faɗa. Na ji sanyi a raina. Ba su daɗe da fita ba aka shigo da takardarki. Idona ya kumbura ba na gani, sai na miƙa wa matar yaya na ce ta karanta mana, ta'aziyyar Sista ce. Ta karanta da ƙarfi. Ɗakin cike da dangin Inna."

Innalillahi. Wannan ban san shi ba. Ashe Gwaggo ba ɓoye min kawai ta yi ba, har ta ari bakina ta yi gaisuwa da shi, don kada a ce 'yarta ba ta da kara.

Malama ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka. Ta ce kafin la'asar maganar ta fita waje wurin maza. Yayyenta, waɗanda shekara biyu ba su taka gidan ba, suka samu abin riƙewa. Babban ya tsaya a tsakar gida ya ce ai ga shi nan, ma'aikaciyar asibiti ma ta faɗa, sakaci ne ya kashe musu uwa. Ƙanwar Inna ta daina amsa gaisuwarta. Ranar sadakar bakwai ko gumba ba a bari ta taɓa ba. Ta ce, "Ni na yi mata wanki, ni na yi mata girki, ni na ɗaga ta daga ƙasa. Yanzu a dangi sunana wadda ta kashe uwarta. Kuma da rubutunki aka yi min shaida."

Na ce zan je in same su ɗaya bayan ɗaya, har Kaduna, in gaya musu yadda aka yi.

Ta ce, "Ki ce musu me? Ki ce ba ki san ta mutu ba? To sai me? Ai ba cewa za ki yi ƙarya kika rubuta ba. Da tana raye da tana mace, abin da ke ranki ke nan. Kuma kika ce me ya sa na yarda. Sista, wa bai san bakinki ba?"

Wannan ta shige ni. Na so in ce ba haka ba ne, amma takardar tana ɗaki, kuma ba Gwaggo ce ta riƙe min biro ba.

Jaririya ta motsa a bayana. Malama ta miƙo hannu, na kwance ta na ba ta. Ta daɗe tana kallon fuskarta. Ta tambayi suna, na faɗa. Ta tofa mata addu'a, ta gyara mata hula. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo mana mafita, yarinyar nan za ta gyara abin da manya suka ɓata.

Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na yarda ba ki sani ba. Na yafe wannan. Amma tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ke kaɗai ce za ki gaya min gaskiya, don duk garin nan ke ce ba kya ɓoye-ɓoye. Da na kai ta asibiti lokacin da kika ce, da tana nan?"

Na san amsar. Rai na Allah ne, babu mai ja. Amma na ga tsofaffi irin Inna da yawa da aka ɗora a kan ƙwaya ɗaya kullum suka ƙara shekaru suna cin goronsu. Wataƙila da tana nan. Wataƙila. Na kalli Malama, na ga wuyan nan nata da ya zama kamar muciya, na ga 'yata a cinyarta. Ni da na kwana biyu ina zagin Gwaggo, ina tsine wa masu rufa-rufa, sai ga harshena ya yi nauyi. Ban san tsawon shirun da na yi ba. Kaza ta zo ta wuce ta gabanmu.

Na ce, "Haba Malama. Kwananta ne ya ƙare. Ko a gadon asibiti take sai ta tafi."

Ta ɗago ta dube ni sosai. Ta ce, "Kin daɗe kafin ki faɗa."

Ta miƙo min yarinyar. Ta taya ni goya ta, har ta ja min zanin ta ɗaure da kyau, ta ce in rufe mata kai saboda rana. Ta rako ni soro. Da can idan zan tafi sai ta raka ni har bakin titi, mu tsaya muna surutu motoci uku su wuce. Ranar a bakin soro ta tsaya, ta ce, "An gode. Allah ya ba da lada." Abin da ake gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa ke nan, ko ba a san daga inda ya fito ba.

A tasi na yi ta rabon laifi. Na ba Gwaggo kaso mafi tsoka, don ƙarya biyu ta yi, ɗaya gare ni ɗaya da sunana. Na ba maigida nasa, na ba ɗan acaɓa, na ba matar yayan da ta ga layin farko ba ta yi shiru ba, na ba 'yan Kaduna da Legas da suka samu inda za su sauke kunyarsu. Na ba Malama ma, kuma har yau ban karɓe ba, don ta san ni, ya kamata ta tambaya. Duk wanda na kama sai in ga yana da abin faɗa, kuma kowannensu cewa zai yi don alheri ya yi. Ni kaɗai ce a cikinsu ban yi don alheri ba. Na yi don in huce haushi ne, kuma na huce.

Da na isa gida na tarar Gwaggo a tsakar gida, ruwan wanka yana ta tafasa tun azahar tana ƙara itace. Tana ganina ta miƙe da ƙyar. Ta ce, "Yaya? Ta haƙura?"

Na dubi tsohuwar nan da ta baro gonarta a farkon damina don ta zo ta gasa min jiki. Na ce, "Ta haƙura, Gwaggo."

Ta ce alhamdulillahi, ta share ido da bakin zani. Da wannan ta koma ƙauye, da shi kuma ta mutu.

Na je sadakar arba'in ɗin Inna, na tsaya a gaban dangi na faɗi yadda aka yi. Suka ce Allah sarki, suka ci gaba da abin da suka riga suka yarda da shi. Malama tana nan a Tarauni har yanzu, ta yi ritaya. Wayar hannu ta zo bayan shekara biyu, ina da lambarta, tana da tawa. Muna haɗuwa a biki da gidan rasuwa, mu gaisa, ta tambayi maigida da yara. Ranar auren mai sunan Inna ta zo da gudummawar kwanukan kwalla shida, ta rungume amarya ta yi kuka. Ni kuma ta ce min, "Hajiya, Allah ya sanya alheri." Tun ranar soron nan ba ta sake ce min Sista ba.